Ranar da Na Tura Jatau Gaban Guntu

An yanka filin da shanun garinmu suke taruwa da safe, an mai da shi fuloti-fuloti. Kwanan baya na bi ta wurin ina dawowa daga duba wani maras lafiya, sai na tarar an jera bulo ya kai kafaɗata, magini yana jan igiya daidai inda tsohuwar tsamiya take a da. Na dogara da sandata na daɗe ina kallo. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambaye ni ko wani nake nema. Na ce masa a'a, na wuce. Me zan gaya masa? Bai san tsamiyar ba, bai san shanun ba. Yanzu mai sa a garin nan turke yake kafa masa a bayan ɗaki, ya zuba masa dusa da harawa shi kaɗai, ya kawo masa ruwan burtsatse a bokiti. Sa ya yi wata huɗu yana ƙiba bai ko shinshini ɗan'uwansa ba, ranar da ya cika a ɗora shi a mota a yi Kudu da shi. Shi ya sa in na ce wa jikokina shanu ma suna da manya da ƙanana, suna da wanda ake ba hanya da wanda ake hantara, sai su yi dariya su ce tsoho ya fara labarinsa.

Da ba haka ba ne. Garinmu ɗan ƙauye ne a gefen hanyar Kimba, in ka fita da sassafe kana isa Jega kafin rana ta yi zafi. Kowane gida yana da saniya ɗaya ko biyu, mai ɗan hali yana da san huɗa, kuma duka garke ɗaya ake haɗa su a hannun wani tsohon Bafillace da ya zauna cikinmu tun kafin a haife ni. Bappa muke ce masa, yaro da babba. Ana idar da sallar asuba za ka ji sandarsa tana bugun saiwar tsamiya, ƙwas, ƙwas, sannan ya ɗaga murya ya yi wani dogon kira ta hanci wanda har yau ban iya kwaikwayonsa ba. Daga nan gari ya cika da ƙara. Maruƙa na kuka a turke, taɓare na sauka a turmi gida-gida, igiyar guga na gogar iccen bakin rijiya. Aikina na farko kowace safiya shi ne in kwashe kashin shanu in kai juji don taki, in kora namu zuwa fili, in dawo in sha kunu a tsaye, in ɗauki allona. Warin turke da safe, gauraye da hayaƙin kara, har yanzu in ya buge ni a wani wuri sai in ji ƙafata ta tsaya da kanta.

A filin nan, in ka zuba ido, za ka ga ba haka kawai shanun suke tsaye ba. Akwai mai tafiya gaba, akwai 'yan tsakiya, akwai na baya da suke bin sawu. A bakin komi, wato rarakakken iccen da ake zuba masu ruwa, kowa ya san bayan wa yake sa baki. Kuma ba kullum ake faɗa ba. Juya kai ko hura hanci ya isa wani ya ja da baya. Na taɓa tambayar Bappa yadda suke sanin wannan ba tare da sun kara ba. Ya ce, “Hwaɗa sau guda aka yin shi, yaro. Sauran kwanakki duk tuna shi aka yi.” Na ji maganar, ban riƙe ta ba.

Mai gaba a lokacin shi ne Guntu, san wan babana. Irin shanun nan ne da ake ce wa bokolo, fari, gajere, mai faɗin ƙirji da 'yan guntayen ƙahoni, ɗaya ma ya ɗan ɓalle a baki. Ba ya sauri, ba ya yawan kuka. Tafiyarsa kawai yake yi, garke na buɗe masa. Namu kuwa ɗan maraƙi ne ja, jinin shanun nan masu dogon ƙaho, Inna ta sa masa Jatau. Uwarsa ta mutu yana ƙarami, ni na raine shi da ruwan dusa a ƙwarya, ina sa yatsuna a ciki yana tsotsa. Ya saba da ni har in na tafi makarantar allo sai ya bi ni ya tsaya a bakin zaure, malam ya ce in tashi in mai da ɗan'uwana gida. Duk abin da nake da shi na alfahari a duniya shi ne wannan maraƙin.

Shekarar da na fara cika azumi, Jatau ya kai shekara biyu, ƙahoninsa sun fara miƙewa, tozo ya fara tasowa. Wata safiya Bappa ya zuba wa shanu kanwa a gindin tsamiya ya koma can gefe yana duba ƙafar wata saniya. Guntu yana lasa shi kaɗai kamar yadda ya saba, sauran suna tsaye suna jira. Mu yara muna zaune a kan saiwa muna cika baki. Ɗan wan babana, wanda ya girme ni da kaɗan, ya ce naku dai ƙaho ne kawai, ko tunkiya ba zai iya turewa ba. Yara suka kwashe da dariya. Ban san sa'ad da na miƙe ba. Na kama Jatau a wuya na ja shi har kusa da kanwar, ya turje, don shi ya san abin da ban sani ba. Sai na koma bayansa na murɗe masa wutsiya na ingiza shi. Ya yi tsalle ya faɗa kan kafaɗar Guntu.

Abin bai daɗe ba, amma ni na ga kamar wuni. Guntu ya sunkuyar da kai ya shige ƙarƙashinsa ya ɗaga shi, ya maka shi da jikin tsamiya. Jatau ya faɗi, ya tashi, Guntu ya sake kayar da shi. Ya tashi a karo na biyu yana neman hanyar gudu, tsamiya ta tare shi, Guntu ya danne shi da ɓallallen ƙahon nan a ƙarƙashin haƙarƙari yana murzawa. Kukan da Jatau ya yi ba irin kukan sa ba ne, siriri ne kamar na akuya. Kafin Bappa ya iso da sanda, jini ya jiƙa masa ciki, ya saki fitsari da zawo, yana rawar jiki. Duk garken suna tsaye suna kallo. Wannan ne ban lura da shi ba a lokacin, cewa su ma suna kallo.

Bappa ya dube ni sau ɗaya. Ya wanke ciwon da ruwan zafi, ya cusa toka da man kaɗe. Da muka isa gida Baba ya ce, “Mi yas same shi?” Na ce, “Shi yat tahi wurin kanwa da kainai, Baba.” Ya ce Allah ya kyauta. Ƙaryar ta zauna haka nan, ni ma na zauna a kanta.

Ciwo ya warke cikin wata guda, ya bar tabo kamar tafin hannu. Jatau ya ci gaba da girma har ya zama ba sa a garin da ya kai shi tsawo. In yana tsaye kusa da Guntu sai ka ce raƙumi da jaki. Baƙi in sun biyo ta fili sai su tsaya su tambayi san wane ne wannan. Amma Guntu na ɗaga kai, ko daga nesa ne, sai Jatau ya kau da fuska ya koma gefe. Da abin ya tsaya a kan Guntu da da sauƙi. Wanda ke bin Guntu ya gwada shi, ya kauce. Na uku ya gwada, ya kauce. A hankali har shanu mata suka riƙa ture shi daga inuwa, har 'yan maruƙan da aka haifa a gabansa suka taso suka tarar ana ture shi, su ma suka shiga turewa. Shi ne na ƙarshe a komi, shi ne na ƙarshe a hanya. A wurin aiki kuwa ba shi da na biyu. Maƙwabcinmu yana da garma da sa ɗaya, mu muna da Jatau, sai aka haɗa, yau a yi huɗa a gonarsa, gobe a tamu. In aka ɗora masa karkiya yana ja tun safe har azahar ba ya gajiya. Damina biyu muka yi haka, rumbunmu ya cika yadda bai taɓa cika ba, Inna har ta fara cewa a ƙara gina wani.

Sai shekarar nan ta zo da ruwa ya ɗauke tun gero bai gama fitar da kai ba. Wake bai yi ba, balle a sami harawa. Karan da aka tara ya ƙare tun rani bai raba ba. Yanzu in abinci ya yi wuya mutum yana hawa babur ya je kasuwa ya sayo buhun dusa, ko ya tada inji a fadama ya shuka ciyawa. A lokacin ba inda za ka je. Masu noman albasa da jigo suke ban ruwa, wato guga ɗaure a kan dogon icce, suna ɗebowa daga 'yan rijiyoyin da suke haƙawa a fadama, kuma a shekarar rijiyoyin sun ƙafe ɗaya bayan ɗaya, aka watsar da su. Dusar da ke fita a turmin Inna mu muke tankaɗe ta mu sake damawa mu sha. Abin da ya rage wa shanu shi ne ganyen itatuwa. Bappa yakan kora su can daji, ya hau gawo ko marke da gatari ya sassaro rassa, su ci abin da ya faɗo. A cikin wannan hali kurkunu ya fito wa Baba a ƙafa biyu, ya kwantar da shi a zaure, ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan kowace safiya. Ni ne babba a gida, ban kai ashirin ba.

Reshe na faɗowa Guntu ne farko, sai na bayansa, sai na bayansa. Kafin a zo kan Jatau sai tsirarun itace. Ga shi da babban jiki mai neman abinci fiye da kowa. Na ga ƙashin bayansa yana fitowa, tozo ya kwanta gefe ɗaya, fata ta fara yi masa yawa. Na bar komai na riƙa bin garke da nawa gatarin. Na hau wata bishiyar dabam na sara masa, amma shanu sun riga sun san ƙarar gatari, kafin in sauko sun iso. Na tsaya da sanda na kore su, na ja reshen har gaban bakinsa, ya tsaya yana kallon Guntu ta gefen ido, miyau na zuba, bai sa baki ba. Na kora shi nesa inda ba ya ganin kowa, sai ya ƙi tsayawa, ya yi ta kuka yana fizgewa har ya koma gefen garken da ba ya barinsa ya ci. Na ɗaure shi a gida kwana biyu ina ɗauko masa ganye a ka, abin da nake iya ɗaukowa daga wannan nisa bai kai rabin cikinsa ba, shi kuma ya yi ta jan turke har wuyansa ya saluɓe. Ranar da na dirka wa Guntu sanda a hanci, kafin magariba magana ta kai wa wan babana, ya aiko a gaya wa Baba ya ja mini kunne.

Wata rana da tsakar rana muna zaune a inuwar gawo, na ce wa Bappa, “Bappa, ba wani magani da aka ba sa shi yi zuciya?”

Ya daɗe yana gyara igiyar takalminsa. Sannan ya ce, “Wanga sa ba ƙarhi yar rasa ba. Kai ma ka san ranar da anka karya shi.”

Na sunkuyar da kai. Shekara huɗu ke nan, wannan ne karon farko da ya taɓo maganar.

Ya ce, “Akwai abin da iyayenmu ka yi, wani lokaci shina yi, wani lokaci bai yi. A ware shi da ɗan ƙarami wanda bai san shi ba, a bari shi ture shi. Gobe a ƙara. In ya saba da turewa, a kawo mai ɗan girma. A hankali, awa mai koyon tahiya bayan ciwo. Amma ka ji ni da kyau. Kada ka kai shi gaban Guntu. Ko bana, ko baɗi. Wataƙila ma har abada.”

Muka fara washegari. Akwai wani ɗan bijimi da aka kawo kiwo daga wajen Aliero bai daɗe ba, bai san tarihin kowa ba. Muka ware su biyu a bayan wani tudu, muka jefa reshe ɗaya a tsakaninsu. Ranar farko Jatau ya tsaya yana kallo ɗan ƙaramin ya cinye. Rana ta biyu haka. A rana ta huɗu yunwa ta sa ya matso, ɗan bijimin ya sunkuyar da kai, Jatau ya ɗan kaɗa ƙaho kamar mai korar ƙuda, sai ga ɗan ƙaramin ya yi baya da gudu. Jatau ya tsaya cak, kunnuwansa a miƙe, kamar shi ma bai yarda da abin da ya gani ba. Sannan ya ci. Na zauna a ƙasa ina dariya, hawaye na zubo mini, Bappa yana cewa in yi shiru kada in firgita shi. Cikin mako uku ya ture uku. Ya fara shiga tsakiyar garke. Wata safiya na ji ya yi kuka mai kauri daga ƙirji, irin wanda ban taɓa ji daga bakinsa ba, har Inna ta fito da muciya a hannu tana tambaya san wa ke nan.

Amma jiki bai dawo da sauri ba, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma. Maƙwabcinmu mai garma ya shigo zaure ya gaida Baba da jiki, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, “Malam, ba don komi ba, na ga san nan naku bana. In ruwa yas sauka bai iya jan garma ba, ni ma iyalina za su shiga wani hali. Akwai wanda yay yi mini magana a haɗa da nashi.” Baba ya ce, “Gaskiyarka. Ka ba mu kwana goma mu gani.” Ina bayan zana ina jin su. Na ƙudura a raina cewa in Jatau ya ture Guntu sau ɗaya, shi zai riƙa cin farko, cikin kwana goma ya murmure. Na ga ya ninka Guntu a tsawo, na ga Guntu ya fara tsufa, shi ma yunwar ta taɓa shi. Lissafin ya yi mini daidai ta kowace fuska. Maganar Bappa kuwa na ce tsoron tsofaffi ne.

Ranar Juma'a Bappa ya bar mini garken a bakin fadama ya tafi masallaci. Rana na tsaka. Na sari reshen gawo mai 'ya'ya, na jefa a fili, Guntu ya taho a hankali ya fara ci. Na kama igiyar Jatau na ja shi. Ya biyo ni da farko, kansa a sama, har zuciyata ta fara bugawa da murna. Saura kamar taki goma Guntu ya ɗago kai. Bai matso ba. Ya hura hanci sau ɗaya, ya kafta ƙasa da ƙafar gaba. Shi ke nan abin da ya yi. Na ji igiyar tana rawa a hannuna. Na waiwaya na ga fatar Jatau tana karkarwa daidai wurin tabon, idanunsa sun yi fari. Na ce, “Jatau, haba, dube shi mana, tsoho ne!” Na ja da ƙarfi. Ya fizge, igiyar ta yage mini tafin hannu, ya juya ya zura a guje cikin fadama ba ya ganin gabansa. Akwai wata tsohuwar rijiyar masu albasa da busasshiyar ciyawa ta rufe bakinta. Na ji ƙarar faɗawarsa, na ji wani abu ya ce ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Ramin bai fi tsayin mutum ba. Na same shi a ciki, ƙafar gaba ta lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Na dira na rungumi wuyansa ina ƙoƙarin ɗaga shi, ni kaɗai, kamar zan iya. Ya sa hanci a hammatata yana numfashi, yadda yake yi yana maraƙi. Na yi ta ihu har masu dawowa daga Juma'a suka ji. Maza wajen goma suka zo da igiyoyi da itatuwa, aka fito da shi bayan la'asar. Bappa ya tsuguna ya shafa ƙafar, ya miƙe ya karkaɗe hannunsa. Ba wanda ya tambaye shi, kowa ya gani. Aka aika gida a gaya wa Baba, ɗan aiken ya dawo ya ce Baba ya ce a yanka kafin ya wahala. Ni na riƙe masa kai. Naman bai da ko ɗigon kitse. Aka rarraba gida-gida, Inna ta dafa namu, ba ta ci ba, ni ma ban ci ba.

Da na shiga zaure Baba yana kishingiɗe, ƙafafunsa a kan buzu. Na durƙusa na kasa ɗaga ido. Ya ce, “An ba shi ruwa kahin a yanka?” Na ce an ba shi. Ya ce, “To, madalla.” Sai na fashe, na gaya masa duka, na yau da na shekara huɗu da suka wuce, yadda na murɗe wutsiyar, yadda na yi masa ƙarya. Ya bar ni na gama. Ya ce, “Na sani. Bappa ya hwaɗa mini tun ranar. Ina ta jiran ka hwaɗa da bakinka.” Sannan ya ce, “Tashi ka sa wa hannunka magani. Hauya za ka riƙe da shi.” Da ya zage ni, ko ya sa an ɗaure ni an yi mini bulala, da na fi samun sauƙi. Bai sake tada maganar ba har ya bar duniya.

Ruwa ya sauka bayan kwana shida. Ina jin maƙwabcinmu yana kora shanu da sabon abokin haɗinsa, ni da Inna da ƙannena mata biyu muna duƙe da hauya. Rabin gonar muka iya nomewa, sauran ciyawa ta cinye muna kallo. Kafin kaka ta zagayo tukunya sau ɗaya a rana ake ɗorawa a gidanmu. Ƙanwar Inna ta zo daga Maiyama ta ce a ba ta autarmu ta riƙe har abubuwa su yi sauƙi. Yarinyar ba ta fi shekara biyar ba, ni na ɗora ta a kan jaki tana riƙe da rigata tana cewa in hau mu tafi tare. Can ta girma, can aka yi mata aure, can ta rasu. In mun haɗu a wurin biki ko rasuwa gaisuwar baƙi muke yi, tana ce mini Malam. Ba ta taɓa sanin dalilin tafiyarta ba, ni kuma ban taɓa samun bakin gaya mata ba.

Guntu ya ƙara shekara biyu. Haƙoransa suka cinye, tozonsa ya zube, in zai tashi sai ya yi yunƙuri biyu. Duk da haka bijimai matasa da za su iya kayar da shi da kafaɗa ɗaya suna buɗe masa hanya, suna jira ya gama sha. Kowace safiya ina kallonsa ina jin haushinsa. Da wan babana ya yanke shawarar sayar da shi, ɗansa ba ya gari, sai ya ce ni in kora shi kara, wato kasuwar shanu ta Jega, in damƙa wa dillalinsa. Muka kama hanya tun da safe, yana gaba ina baya, yana tsayawa yana hutawa.

A kara shanu ne daga ko'ina, ba wanda ya san wani. An zuba harawa a tsakiyar wani shinge. Guntu ya nufe ta kai tsaye, a hankali, yadda ya saba duk rayuwarsa. Wani ɗan bijimi baƙi da bai fi shekara biyu ba yana ci, ko ɗaga kai bai yi ba. Guntu ya tsaya ya hura hanci. Ba wanda ya motsa. Ya kafta ƙasa. Ɗan bijimin ya juyo ya soke shi a haƙarƙari, Guntu ya zube a kan gwiwoyinsa. Ya yunƙura ya tashi, ya sake hura hanci yana dube-dube, kamar yana neman wanda zai gane shi a cikinsu. Aka sake soke shi. Ya ja da baya har gindinsa ya taɓa shinge, ya tsaya nan kansa a ƙasa.

Shekaru na yi ina fatan in ga wannan rana. Da ta zo sai na ga na kutsa cikin shanun na ɗebo harawa cike da hannu na kai masa baki. Ya shinshina, ya kau da kai. Na tsaya kusa da shi ina kore masa ƙuda, ban san tsawon lokacin da na yi ba, sai da na ji dillalin yana taɓa kafaɗata.

Ya ce, “Samari, an saya. Saki igiyar mana.”

Na duba na ga da hannu biyu nake riƙe da ita. Na saki.